Shin da harshe ake haihuwar yaro? Amsa ga wata uwa a Yamai

Tambayar da aka aiko: "Malam, ni ƴar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai, muna zaune a Bukoki. Ɗana na fari yana da shekara biyu da rabi. A ɗaki Hausa muke yi, a tsakar gida Zabarmanci yake ji wurin yaran maƙwabta, babansa kuma yana so a fara masa Faransanci kafin ya shiga jardan. Yanzu cakuɗa su yake yi, sai ya ce 'ba ni hari'. Ƙanen mijina da ke jami'a ya ce kada in damu, wai masana sun ce da harshe ake haihuwar yaro, ko ba a koya masa ba zai yi magana. Uwar mijina kuma ta ce yaruka sun yi masa yawa, za su ɗaure masa baki. Wanne ne gaskiya?"

Ƴar'uwa, Allah ya raya mana shi. Bari in fara kwantar miki da hankali. Yaron da ya ce "ba ni hari" yana da shekara biyu da rabi, bakinsa lafiya lau yake. Kalma uku ya jera, kowace a mazauninta: aikatau a gaba, sai wanda za a ba, sai abin da za a bayar. Ginin jimlar na Hausa ne tsaf, sunan ruwa kawai ya aro daga tsakar gida. Ilimin harshe nake koyarwa, kuma irin wannan jimla ita ce nake so ɗalibaina su riƙa sauraro a gidajensu. Tsoron Inna, da girmanta, ba a nan ya kamata ya sauka ba, ko da yake akwai abin tsoro na gaske da zan zo kansa. Ƙanen mijinki kuwa rabin magana ya kamo, kuma ragowar rabin da ya bari shi ne ya fi shafarki.

Maganar da ya ji a jami'a ta Noam Chomsky ce, wani masanin harshe ɗan Amurka da aka haifa a 1928. Kafin shi, ra'ayin da ya fi ƙarfi a can shi ne cewa yaro kwaikwayo kawai yake yi: ya ji kalma, ya maimaita, a yi masa murmushi ko a ba shi abin da ya nema, sai ta zauna masa. B. F. Skinner na jami'ar Harvard ya rubuta littafi a kan haka a 1957. A 1959 Chomsky ya yi masa raddi mai zafi. Hujjarsa ita ce, abin da yaro yake sani game da harshensa ya fi abin da aka taɓa faɗa masa yawa nesa ba kusa ba. Yana faɗin jimlolin da bai taɓa ji ba, yana fahimtar waɗanda ba a taɓa faɗa a gabansa ba, kuma yana yin haka tun bai iya ɗaura tazugen wandonsa ba. To daga ina rarar ta fito? Chomsky ya ce daga cikin halittarsa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana zuwa duniya a shirye, da wani tsari na asali da duk harsunan duniya suka yi tarayya a kansa, sai harshen da yaro ya tarar a gida ya cike gurabun.

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. Ke ƴar Adar ce. Kina cewa "sun tahi", amma in za ki yi tambaya sai ki ce "su wa sunka tahi?" Kina cewa "mun ci", amma "mi munka ci?" Bakano zai ce "suka" da "muka", ƙa'idar dai ɗaya ce: da zarar an yi tambaya irin wannan, ko an fito da wani abu gaba don a ƙarfafa shi, lamirin yana sauya kama. Wa ya zaunar da ke ya koya miki wannan? Babu. Mahaifiyarki ma ba ta san sunan ƙa'idar ba, amma ba ta taɓa kuskure a kanta ba. Ɗalibai Turawa da ke koyon Hausa a jami'o'insu sukan daɗe suna tuntuɓe a daidai wannan wuri, alhali yaron Tawa ya wuce shi tun bai shiga lekol ba. Ga wani. In na ce "Musa ya ga kansa a madubi", Musa ne ya ga Musa. In na ce "Musa ya gan shi a madubi", kowane Bahaushe ya san wani ne dabam aka gani, ba yadda za a yi "shi" ɗin nan ya zama Musa. Ba a taɓa hana mu wannan fassara ba, ba a taɓa yi mana gyara a kanta ba, mun dai san ba ta yiwuwa. Irin wannan sani, sanin abin da ba ya yiwuwa, shi ne ya fi ɗaure wa masana kai, domin ba a jin abin da ba a faɗa.

Kurakuran yara su ma shaida ne. Ki saurari ɗanki nan da wasu watanni. Zai ji waya da wayoyi, hanya da hanyoyi, taga da tagogi, sai ya ɗauki wannan awo ya riƙa ɗora wa sunayen da jam'insu ba haka yake ba, har ya ƙera jam'in da ba ki taɓa ji a bakin babba ba. Mai kwaikwayo ba ya ƙirƙiro abin da bai ji ba. Wanda ya gano ƙa'ida ne yake wuce gona da iri da ita, sannan daga baya ya koyi cewa jam'in mace mata ne, na sa kuma shanu. A 1958 wata mai bincike, Jean Berko, ta gwada wannan da yara masu jin Ingilishi. Ta zana wata halitta, ta laƙa mata sunan da babu shi a harshen, sannan ta nuna musu guda biyu ta ce su faɗi jam'i. Yara ƴan shekara huɗu da biyar suka ba da jam'in daidai. A Hausa abin ya fi haka zurfi, don yaron da ya ce "motoci" ya riga ya san "t" tana komawa "c" in ta haɗu da "i", kamar yadda "s" take komawa "sh" in tasa ta zama tasoshi.

Shirin nan yana farawa tun kafin kalmar farko. A Paris, a 1988, Jacques Mehler da abokan aikinsa sun nuna cewa jarirai ƴan kwana huɗu suna bambanta Faransanci da Rashanci, ta yadda tsotsonsu yake sauyawa in an sauya harshen, domin tun suna ciki suke jin karin muryar uwa. A Kanada kuma, a 1984, Janet Werker da Richard Tees sun gwada jariran gidajen da Ingilishi kawai ake yi. Sun sa musu sautuka na harshen Hindi da na wani harshen ƴan asalin Kanada mai sautin maƙogwaro irin "ƙ" ɗinmu. Ƴan wata shida zuwa takwas suna jin bambancin sarai. Ƴan wata goma zuwa sha biyu mafi yawansu sun daina ji. Ashe jariri yana zuwa da kunnen da ya isa kowane harshe, kafin ya cika shekara ya fara rufe ƙofofin da ba a buƙata a gidansu. Ɗanki da ke jin Hausa da Zabarmanci tun yana goye, ƙofa biyu ya bari a buɗe. Zai riƙe ƙ da ɗ da ɓ da ts waɗanda Zabarmanci ba shi da su, zai kuma riƙe wasulan hanci na Zabarmanci da ke ba manyan Hausawa wuya a kasuwar Katako.

Shaidar da ta fi taɓa ni ta fito ne daga Nikaragwa. A 1977 aka buɗe makarantar yara kurame a Managwa, babban birnin ƙasar. Kafin nan kowane kurma yana gidansu, da ƴan alamun hannu da yake yi da iyayensa. Malaman makarantar Sifaniyanci suke ƙoƙarin koya musu ta karanta leɓe, abin bai yi nisa ba. Amma a filin wasa da cikin motar da ke kai su gida, yaran suka fara haɗa alamunsu. Da ƙananan yara suka shigo bayansu, suka tarar da wannan gauraye, sai suka yi masa abin da manyan ba su iya ba: suka daidaita shi, suka sa masa ƙa'idoji, har ya zama cikakken harshe mai nahawunsa. Judy Kegl, masaniyar harshe da ta je can a 1986, ta lura cewa ƙananan sun fi manyan ƙwarewa. Ba wanda ya koya musu wannan nahawu, don babu shi a duniya kafin su. Sai dai ki lura da abu ɗaya, shi ne rabin da ƙanen mijinki ya bari. Shekara da shekaru akwai kurame a Nikaragwa, kowanne da ƙwaƙwalwa irin ta waɗannan yara, amma harshe bai fito ba sai da aka tara su wuri ɗaya suka sami abokan magana.

Game da dabbobi ba zan daɗe ba. A 1973 Herbert Terrace na jami'ar Columbia ya ɗauki jaririn biri, aka rene shi cikin mutane ana koya masa maganar hannu. Ya riƙe alamu fiye da 100, amma a 1979 Terrace da kansa ya bayyana cewa birin bai taɓa gina jimla ba. Kyanwar gidanku tana jin duk abin da ɗanki yake ji, ba za ta ce uffan ba. Musulmi ba zai yi mamaki ba, tun da Suratur Rahman ta ambaci halittar mutum, nan take ta biyo da cewa Allah ya sanar da shi bayani.

Yanzu kada ƙanen mijinki ya ɗauka magana ta ƙare a kan Chomsky. Masana da yawa ba su yarda da shi ba, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. A 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta sun sa wa jarirai ƴan wata takwas sautuka a jere babu tsayawa, na minti biyu kacal, sai ga shi jariran sun gano inda kalma take farawa da inda take ƙarewa, ta lura da gaɓoɓin da suka saba biyo juna. Ashe yaro yana tsintar abubuwa daga abin da yake ji fiye da yadda aka zata. Michael Tomasello ya ce abin da aka haifi ɗan Adam da shi ba nahawu ba ne, baiwa ce ta gane nufin wani da ta gano tsari a cikin abin da ake maimaitawa. Shi ya sa jariri yake nuna abu da yatsa, ya waiwayo ya dubi fuskarki, tun bai iya kalma ba. Masu yawon nazarin harsunan duniya, harsunan da yawansu ya kai kusan 7000, su kuma suna cewa duk ƙa'idar da aka ce ta game kowa, sai an sami harshen da ya kauce mata. Chomsky ma ya yi ta rage kayan da ya ce ana haihuwarmu da su. A 2002 shi da abokan aikinsa biyu suka ce wataƙila abin da ya keɓanta da harshen ɗan Adam shi ne iya sa magana cikin magana ba iyaka, irin "akuyar maƙwabcin ƙanen mijina" ko "ta ce ya ce sun ce". A 2005 Daniel Everett ya ce ya zauna da wata ƙabila a dajin Amazon na Barazil, Piraha, waɗanda harshensu ba ya yin ko wannan ɗin. Har yau ana jayayya a kai. Ɗaruruwan shekaru kafin duk waɗannan, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya riga ya rubuta cewa harshe ƙwarewa ce da ke zama a jiki ta yawan ji da maimaitawa, kuma yaron Larabawa ba da ƙa'idojin malaman nahawu yake koyon Larabci ba.

In kin tambayi ra'ayina, ga shi. Cewa an haifi yaro a shirye don harshe, wannan ba na shakka a kansa ko kaɗan. Cewa akwai cikakken nahawu a rubuce cikin ƙwaƙwalwarsa tun ranar suna, wannan ba a tabbatar ba, kuma kullum hujjar tana ƙara sirancewa. Amma ɓangarorin biyu sun haɗu a wurin da ya shafi ɗanki: ba a haifi kowa da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci ba, kuma shirin da aka zo da shi ba ya aiki sai da mutane. Ɗan Bahaushe da aka rena a Tilaberi Zabarmanci zai tashi da shi, jini ba ya ɗauke da yare.

Kuma shirin yana da lokaci. Eric Lenneberg ya kawo wannan magana a 1967, cewa akwai shekarun da harshe ke shiga da sauƙi, daga nan ƙofar ta riƙa ƙunci. Kina ganin haka kullum a Yamai. Zabarmanci ba ya raba namiji da mace a lamiri, "a" ɗaya ce ga kowa. Dattijon da ya koyi Hausa da girma, ko ya shekara talatin yana ciniki da ita, wani lokaci "ya" da "ta" sukan sarƙe masa, amma jikansa da ya tashi da yaran Hausawa ba ya ko tunani a kai. Mu ma haka muke a nasu harshen. Su sukan sa abin da aka aikata kafin aikatau, su ce "ay na hari haŋ", mu kuwa "na sha ruwa", ruwan a baya. Babba sai ya yi lissafi kafin ya juya, ɗanki zai riƙe tsari biyun ba tare da ya san ya yi wani aiki ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ki gaya wa Inna, cikin ladabi, cewa yaro ba ya cika da yaruka. Cakuɗawa ba ruɗewa ba ce. Yana cike gurbin kalmar da bai samu ba da wadda ke kusa, kuma ku manya ma kuna yin haka a gabansa. In za ki ƙirga kalmominsa, ki haɗa na Hausa da na Zabarmanci wuri ɗaya, wannan ne ainihin abin da ya sani.

Batun Faransanci, ban hana ba. In babansa zai zauna ya yi wasa da shi yana yi masa, madalla. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne a daina yi masa Hausa don a ba Faransanci wuri, musamman in Faransancin gidan na umurni ne kawai, zo, zauna, yi shiru. Yaro yana buƙatar harshe ɗaya aƙalla da ake masa tatsuniya da shi, ake masa faɗa da lallashi da bayani mai tsawo. A kansa yake ɗora na lekol. Ƙasarmu ta fara gwajin makarantu masu fara koyarwa da harshen gida tun 1973, kuma yaran da suka bi ta nan ba su kasa takwarorinsu a Faransanci ba. Kada kuma a damƙa aikin ga salula ko tele. A 2003 Patricia Kuhl ta gwada jariran Amurka ƴan wata tara da Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna da su yana musu magana ido da ido sun riƙe sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a allo, magana iri ɗaya, ba su riƙe komai ba.

Kin ce ɗanki na fari ne, shi ya sa zan taɓa wani abu da littattafan Turawa ba su san da shi ba. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yawan yi masa magana a gaban mutane. Wannan bai taɓa hana ƴaƴan fari magana ba, domin a gidan gandu na Adar akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan ƙannen uba da tarin yara, yaro yana wucewa daga baya zuwa baya, kunnensa bai taɓa zama shiru ba. Masu bincike sun ga irin wannan a Samowa, inda manya ba su cika hira da jarirai ba, yayye ne ke renonsu, kuma yaran suna magana a kan lokaci. Amma alkunyar nan an gina ta ne a kan gida mai cike da mutane. In aka ɗauko ta aka kawo ɗakin haya a Yamai, uba ya fita tun safe, kaka tana Tawa, uwa tana kunya, aka miƙa wa yaro salula don ya yi shiru, to wa ya rage masa? Ke kin yi sa'a, kina da tsakar gida da yaran maƙwabta, kada ki hana shi fita cikinsu. A ɗaki kuma, inda ba mai ganinku, ki yi masa magana. Kina wanka ki faɗa masa abin da kike wankewa, kina tuƙa tuwo ki ba shi labari, in ya ce "hari" ki ce "ruwa kake so? ga ruwa", ba tare da tsawa ba. Ya ji, zai ajiye.

Abin tsoron da na ce zan zo kansa shi ne kunne. Maganar "ƙyale shi, zai yi magana da kansa, babansa ma ya daɗe bai yi ba" ta cuci yara da yawa. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma sanƙarau yana kashe ji. Ƙyanda ma tana yi, haka ciwon kunne mai fitar da ruwa in ya daɗe ba magani. Yaron da ba ya ji ƙwaƙwalwarsa a shirye take kamar ta kowa, har ma an nuna a 1991 cewa jarirai kurame da iyayensu ke maganar hannu suna wasa da yatsu a jere a daidai watannin da masu ji suke "ba-ba-ba". Amma mafi yawan kurame iyayensu masu ji ne, sai yaro ya shekara biyar, shida, bakwai babu wani harshe da ya shige shi, ana jira. Binciken Elissa Newport a kan kurame a Amurka ya nuna cewa waɗanda ba su sami maganar hannu ba sai bayan shekara 12, ko sun shekara 30 suna amfani da ita, ba su kamo waɗanda suka same ta tun suna jarirai ba. Waɗannan shekarun ba sa dawowa, kuma abin yana ci mini rai domin ana iya kauce masa.

Don haka ki riƙe waɗannan alamu, don kanki da don maƙwabtanki. Jaririn da ya kai wata tara ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko ba ya wasa da baki. Yaron da ya kai shekara ɗaya da rabi ba shi da kalma ko ɗaya a kowane harshe, ba ya kuma nuna abu da yatsa. Wanda ya wuce shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba. Wanda yake magana da, sai ya daina bayan zazzaɓi mai zafi. Kowanne daga cikinsu a kai shi likita, a nemi a tura su wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, akwai su a babban asibitin ƙasa nan Yamai. In an tabbatar ba ya ji, kada a tsaya jiran ya girma: a nemi makarantar kurame da manyan kurame masu maganar hannu, a riƙa kai shi cikinsu tun yana ƙarami, uwa da uba da yayyensa su ma su zauna su koya tare da shi.